Muhawara: Shin allurar gargajiyar Sin tana da gurbi a tiyatar mata tare da maganin barci?

Hajiya Rabi, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure su warware mana wata magana da ta yawaita a tsakanin mata. Ana yaɗa bidiyo a WhatsApp da ke nuna cewa a ƙasar Sin ana yi wa mace tiyatar ciki idonta biyu, ba tare da maganin barci ba, an dai tsira mata siraran allurai a hannu da ƙafa da kunne, wato maganin nan nasu na gargajiya da ake kira akufancha. Da yawa daga cikin matan da aka rubuta musu aikin cire ƙarin mahaifa, ko cire mahaifar gaba ɗaya, ba wuƙar ce ke ba su tsoro ba, allurar barcin ce, da kuma aman da ke biyo bayan farkawa. Shin wannan allura tana iya maye gurbin maganin barci? Idan kuma ba ta iyawa, akwai amfanin a haɗa su biyun?

Dokta Sa'adatu, likitar sa barci

Wa alaikumus salam, Hajiya. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, kuma likitocin Sin da kansu ba sa faɗin haka a yau. Abin ya samo asali ne a 1958, lokacin da aka ba da rahoton cire ƙullutun maƙogwaro na tonsil a wani asibitin Shanghai da taimakon allurai kawai. Daga nan ya bazu, musamman a shekarun juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, inda ya zama abin alfahari na siyasa da ake nuna wa baƙi. Amma da aka daɗe ana yi, sai masu aikin suka lissafa cikas uku da suka kasa tsallakewa. Zafin ba ya gushewa gaba ɗaya, naman ciki ba ya saki yadda likitan fiɗa yake buƙata, sannan duk lokacin da aka ja hanji ko mahaifa ko tantanin ciki, majinyaciya tana jin azaba da tashin zuciya. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tiyatar cire mahaifa ya san cewa waɗannan abubuwa uku su ne zuciyar aikin, domin mahaifa tana can ƙasan ƙugu, ba a kai mata sai an buɗe an ja an ɗaure jijiyoyi. Shi ya sa daga shekarun 1980 aka koma maganar haɗawa, wato a ba da maganin barci ko allurar baya yadda aka saba, a ƙara allurar gargajiya a matsayin mataimakiya.

Labarin da ya fitar da abin duniya ma ana yawan juya shi. James Reston, ɗan jaridar New York Times, an cire masa afendis a Beijing a watan Yulin 1971, kuma da maganin kashe jiki na asibiti aka yi masa aikin. Allurar gargajiya an yi masa ita ne bayan tiyata, saboda ciwo da kumburin ciki. Haka ya rubuta da hannunsa, amma har yau za ki ji ana cewa da allura kaɗai aka yanka shi.

Malam Nasiru, mai gashin ƙashi

Dokta, na yarda da tarihin da kika kawo, sai dai ina tsoron mai karatu ya fita da tunanin cewa abin duk farfaganda ce. Ba haka ba ne. Farfesa Han Jisheng na Beijing ya shafe shekaru masu yawa yana binciken yadda abin ke aiki a jiki. Tun farkon shekarun 1970 ya nuna cewa idan aka ɗebi ruwan ƙwaƙwalwar zomon da aka yi wa allura aka zuba wa wani zomon da ba a taɓa ba, na biyun ma juriyarsa ga zafi tana ƙaruwa, wanda ke nuna cewa akwai sinadarin da ke fita. Daga baya ya bayyana cewa idan aka haɗa allurar da ɗan lantarki mai bugu 2 a daƙiƙa, jiki yana sakin enkefalin da endofin, idan kuma bugu 100 ne sai ya saki dainofin. Waɗannan duka dangin mofin ne da jiki ke haɗawa da kansa. A 1976 Bruce Pomeranz a Toronto ya nuna a kan ɓeraye cewa maganin naloksan, wanda ke toshe aikin mofin, yana kashe tasirin allurar, kuma a 1977 David Mayer da abokan aikinsa suka ga irin haka a jikin mutane. Saboda haka ba maganar tsafi ko ruɗu ake yi ba, magana ce ta jijiya da sinadari.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna

Malam Nasiru, da girmamawa, hujjar naloksan takobi ce mai kaifi biyu. A 1978 Levine da Gordon da Fields sun nuna cewa naloksan yana rage sauƙin da mutum ke samu daga maganin wofi, wato abin da ba shi da sinadarin komai amma majinyaci ya yi imani magani ne. Ke nan fitar endofin ba ta raba allurar Sin da kyakkyawan zato ba. Tambayar da ta dace ita ce, idan aka tsira allurar a gurbin da littafi ya ce, aka kuma tsira wa wasu a gurbin banza ko aka yi musu ta bogi, akwai bambanci? A nan ne ƙafar abin take rauni. Kuma akwai matsalar inda rahotannin ke fitowa. Andrew Vickers da abokansa sun duba wannan a 1998, suka tarar cewa gwaje-gwajen akufancha da suka fito daga Sin da Japan da Taiwan da Hong Kong dukkansu sun ce abin yana aiki. Babu wani magani a duniya da ke cin kowace jarrabawa, don haka idan ka ga haka ka san cewa wanda ya faɗi ba a buga shi ba.

Game da bidiyon da Hajiya ta ambata kuwa, a tuna da shirin da BBC ta nuna a 2006, inda aka ga ana yi wa wata matashiya tiyatar zuciya a Shanghai kamar da allurai kawai. Daga baya ta bayyana cewa an ba ta magungunan kwantar da jiki da kashe zafi, wato midazolam da droferidol da fentanil, an kuma zuba mata maganin kashe jiki mai yawa a ƙirji. Kyamara ba ta nuna abin da ke tafiya ta cikin ƙarin ruwa.

Sista Binta, ɗakin kwanciyar mata

Ni ina so in jawo mu zuwa kashi na biyu na tambayar Hajiya, domin shi ne abin da muke fama da shi a ɗakin kwanciya. Mace ta fito daga tiyata lafiya, amma ta kwana tana yunƙurin amai da sabon ɗinki a mara, tana riƙe ciki tana kuka, ba ta iya shan ko ruwa, kuma hakan yana jinkirta tashinta da sallamarta. Wasu matan sukan ce aman ya fi musu ciwon yankan wahala. Dokta Sa'adatu, me ya sa ya fi yawa a ɗakinmu fiye da na maza, kuma a nan ne allurar take da magana ko a'a?

Dokta Sa'adatu, likitar sa barci

Sista, kin taɓa ainihin wurin. Akwai ma'aunin da Christian Apfel ya fitar a 1999 wanda muke amfani da shi, mai abubuwa huɗu: kasancewar majinyaci mace, rashin shan taba, tarihin amai bayan tiyata ko jiri a mota, da kuma samun magani dangin mofin bayan aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya haɗarinsa kamar kashi 10 cikin ɗari ne, kuma yana hawa zuwa kusan 20, 40, 60, har 80 ga mai duka huɗun. To ki duba majinyatanki. Mata ne, kusan dukkansu ba sa shan taba, kuma bayan buɗe ciki za a ba su fentazosin ko tiramadol ko mofin. Tun kafin a tambaye ta komai tana da uku cikin huɗu. Tiyatar mata da ta kyamara, wadda ake hura iska a ciki, su ma kansu suna cikin ayyukan da ke ƙara haɗarin.

A nan ne allurar Sin ta fi samun shaida, kuma abin sha'awa shi ne ba daga Sin shaidar ta fara ƙarfi ba. Farfesa John Dundee, likitan sa barci a Belfast, shi ne ya buga bincike a mujallar likitocin Birtaniya a 1986, kuma a kan mata masu ƙananan tiyatar mahaifa ya yi shi. Gurbin da ya yi amfani da shi ana kiransa P6, ko Neiguan da Sinanci. Yana cikin hannu, faɗin yatsu uku sama da layin wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu da ke tasowa idan mutum ya dunƙule hannu, kuma babbar jijiyar tsakiyar hannu tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Ya ga amai da tashin zuciya sun ragu ƙwarai a cikin waɗanda aka yi wa. A 1997 taron masana da cibiyar lafiya ta ƙasa ta Amurka ta kira ya amince cewa akwai shaida mai kyau a kan aman bayan tiyata. Sannan nazarin 2015 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara gwaje-gwajen lafiya tana auna su, wanda Anna Lee da abokanta suka yi, ya tattara gwaje-gwaje 59 da mutane 7,667. Idan aka kwatanta da na bogi, motsa gurbin P6 ya rage tashin zuciya da kusan kashi ɗaya cikin uku, amai kuma da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma da aka gwada shi da magungunan hana amai ba a ga wani bambanci a tsakaninsu ba.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna

Dokta, a cika maganar. Masu nazarin na 2015 da kansu sun sanya wa shaidar kwatanci da na bogi darajar mai rauni, saboda yawancin gwaje-gwajen ba a tsare su da kyau ba kuma sakamakonsu ya sassaɓa. Konrad Streitberger na Heidelberg, wanda ya ƙera allurar bogi a 1998, mai shigewa cikin mariƙinta maimakon fata, ya gwada P6 a kan matan tiyatar mahaifa da ta nono a 2004, kuma a kan babban abin da ya sa a gaba bai sami bambancin da lissafi zai tabbatar ba. Ga shi kuma muna da abin da ba a jayayya a kansa. Babban gwajin da Apfel ya jagoranta a 2004, mai mutane sama da 5,000, ya nuna cewa magungunan hana amai ondansetiron da deksametason da droferidol kowanne yana rage haɗarin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma idan an haɗa su amfanin yana taruwa. Deksametason ba shi da tsada, kuma akwai shi kusan ko'ina.

Dokta Sa'adatu, likitar sa barci

Ban musa ko ɗaya ba, Malam Kabiru, kuma ni ba zan janye deksametason daga mace mai maki uku don na manna mata wani abu a hannu ba. Inda muka rabu shi ne, ni ina auna ƙarfin shaida da nauyin abin da ake nema. Wanda ya ce in bar maganin barci in dogara da allura, sai ya kawo mini hujja kamar dutse, kuma ba shi da ita. Wanda ya ce in ƙara abin da ba ya sa barci, ba ya taɓa bugun zuciya, ba ya tayar da sukari, a kan magunguna biyu da na riga na bayar, hujja matsakaiciya ta ishe ni. Ka san ondansetiron da droferidol suna iya tsawaita zangon bugun zuciya, metokulofuramaid yana iya murɗe wa matashiya wuya da ido, deksametason kuma yana ɗaga sukarin mai ciwon sukari. Akwai matan da zaɓinmu a kansu kaɗan ne.

Alhaji Lawali, Maraɗi

Ina gaishe da malamai. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma ina biye da ku. A nan Nijar mun daɗe muna ganin tawagogin likitocin Sin a asibitoci, kuma akan sami mai wannan allura a cikinsu, mutane suna zuwa don ciwon baya da shanyewar jiki. Tun 1963 Sin ta fara tura irin waɗannan tawagogi Afirka, daga Aljeriya. Abin da nake son sani shi ne, tun da an ce tana rage zafi, ba za ta sa a rage yawan maganin barcin da ake bayarwa ba? Ai a ganina ko rabi aka rage an rage haɗari.

Malam Nasiru, mai gashin ƙashi

Alhaji, a kan zafin bayan tiyata akwai abin faɗi. Wani gwaji da Lin Jaung-Geng ya jagoranta a Taiwan, aka buga a 2002, ya raba mata 100 masu tiyatar mara gida huɗu, aka yi amfani da gurbin Zusanli da ke ƙasan gwiwa na minti 20 kafin a sa su barci. A cikin awa 24 na farko, mofin da suka buƙata ya ragu da kashi 43 cikin ɗari ga masu lantarki mai jinkirin bugu, da kashi 61 ga masu saurin bugu, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa komai ba. Kuma wani nazari daga jami'ar Duke a 2008 da ya haɗa gwaje-gwaje 15 ya sami ragin kusan miligiram 8 na mofin a awa 24. Raguwar mofin kuwa raguwar amai ce da ƙaiƙayi da riƙewar fitsari da mutuwar hanji.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna

A wancan gwaji na Taiwan, rukunin da aka tsira wa allura ba tare da lantarki ba, wato waɗanda aka ɗauka a matsayin na bogi, su ma mofin ɗinsu ya ragu da kashi 21. Kuma mace tana jin lantarki a ƙafarta, ta san an yi mata wani abu. Miligiram 8 kuma, farasitamol ta jijiya da dikulofenak da aka ba da a kan lokaci suna iya kawo irin wannan ragin ba tare da an nemo gwani ba.

Dokta Sa'adatu, likitar sa barci

Alhaji, a bambance abubuwa biyu. Rage maganin ciwo bayan tiyata daban, rage maganin barci a lokacin tiyata daban. A kan na biyun an yi gwaji mai tsabta a farkon shekarun 2000, inda aka sa masu sa kai barci da iskar desfuluren tukuna, yadda ba za su san ko an yi musu allura ba, sannan aka auna. Motsa gurbin kunne ya rage buƙatar iskar da kusan kashi 10 cikin ɗari, motsa gurabun ƙafa kuma bai rage komai ba. Kashi goma ba ya canza haɗari, kuma ba rabi ba ne. Ina ma jin tsoron wannan tunani, domin wanda ya rage magani yana dogaro da allura, bayan ya ba da maganin sakin nama, zai iya barin mace ta farka ana tsakiyar aiki ba ta iya motsi ko magana. Wannan yana cikin mafi munin abin da ke faruwa a sana'armu.

Sannan a tuna cewa a yankinmu yawancin aikin mata ba da barci gaba ɗaya ake yinsa ba. Tiyatar haihuwa, gyaran yoyon fitsari, da yawa daga cikin ayyukan cire ƙari da cire mahaifa, da allurar baya ake yi, mace idonta biyu. Don haka bidiyon mace tana magana ana yi mata aiki ba abin mamaki ba ne, kullum muna yin haka da bufibaken. Kuma tashin zuciyar da ke zuwa mintuna kaɗan bayan allurar baya galibi faɗuwar hawan jini ne. Maganinsa a auna, a ƙara ruwa, a ba da efedirin ko fenilefirin. Wanda ya tsaya neman gurbi a wuyan hannu a wannan lokaci ya bar abin da zai iya kashe majinyaciya. Mace-macen da ake dangantawa da maganin barci a ƙasashenmu tushensu ƙarancin ƙwararru ne, da rashin na'urar auna iskar jini, da rashin jini a ajiye. Najeriya ba ta kai likitan sa barci ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana neman aƙalla 5.

Hajiya Rabi, Kano

Allah ya saka da alheri. To ita allurar tana da nata haɗarin? Kuma mai juna biyu fa?

Malam Nasiru, mai gashin ƙashi

Hajiya, a hannun wanda ya koya haɗarinta kaɗan ne, yawanci ɗan jini ko tabo ko jiri. Amma an sami huda huhu idan aka zurfafa a ƙirji ko kafaɗa, an kuma sami yaɗuwar ciwon hanta nau'in B inda ake maimaita allura, don haka dole ta zama sabuwa daga leda, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba a haɗa masa lantarki, mai shan maganin tsinka jini sai an yi hattara. Ga mai ciki, masu sana'ar suna kauce wa gurbin Hegu da ke tsakanin babban yatsa da manuni, da Sanyinjiao da ke sama da idon sawu, saboda a al'adarsu ana ganin suna motsa mahaifa. Kuma kada kowa ya je wani wuri a yi masa kafin tiyata ba tare da ya faɗa wa likitan sa barci ba, musamman idan an haɗa masa da jiƙo ko garin ganye, domin wasunsu suna ƙara zubar jini.

Sista Binta, ɗakin kwanciyar mata

Matsalata ta aiki ce. Ba mu da mai wannan allura a asibitinmu, kuma ban ga likitan fiɗa da zai jira minti 20 da jerin majinyata a ƙofa ba.

Dokta Sa'adatu, likitar sa barci

Ba lallai sai da allura ba, Sista. Nazarin Cochrane ya haɗa har da maɗaurin hannu mai ɗan maɓalli da ke danna gurbin, irin wanda matafiya jirgin ruwa ke sawa, da kuma lantarki ta saman fata. Akwai ma dabarar da wasu masu bincike suka gwada aka buga a 2007, a kan mata 220 masu tiyatar kyamara. Muna da ƙaramar na'ura da muke manna wa a hannu don auna ko maganin sakin nama ya sake, wadda aka saba ɗorawa a kan jijiyar gefen ƙaramin yatsa. Su sai suka matsar da ita zuwa kan P6 suka bar ta tana bugu ɗaya a daƙiƙa har aka gama aiki. Amai da tashin zuciya a awa 24 sun kasance kashi 45 cikin ɗari, a ɗaya rukunin kuma 61. Malam Kabiru zai lura cewa waɗannan matan suna barci lokacin da ake yi, don haka zato ba shi da hanyar shiga.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna

Na lura, kuma wannan gwajin ya fi sauran burge ni saboda dalilin da kika faɗa. Sai dai abin da ya nuna shi ne lantarki a kan jijiyar tsakiyar hannu yana rage tashin zuciya, ba tare da allura ko taswirar gurabu ba, kuma 45 cikin ɗari har yanzu kusan rabin ɗakin Sista Binta ne. Tambayata ta fasaha ce, Dokta: idan kika matsar da na'urar daga inda aka saba, karatun da take ba ki na sakin nama yana nan daidai kuwa, ko kin sayi raguwar amai da rasa ma'aunin da kike cire bututun numfashi da shi?

Dokta Sa'adatu, likitar sa barci

Ma'aunin da muka dogara da shi an gina shi ne a kan jijiyar gefen ƙaramin yatsa da motsin babban yatsa, don haka ni ba zan yanke hukuncin cire bututu da karatun P6 ba. Abin da zan yi shi ne in bar ta a P6 a tsawon aikin, idan aka fara rufe ciki in mayar da ita gurbinta na asali in auna, ko kuma in manna faifan na'urar biyu-biyu a gurabun biyu tun farko in riƙa sauya waya. A asibitin da na'urar guda ɗaya ce tak ga ɗakuna uku, aikin auna sakin nama shi ke da ita, maɗaurin hannu kuma a sa wa majinyaciya tun a ɗakin jira.